Darasi na 7: Shirin Tafiya daga Kano zuwa Gandun Gashaka Gumti

Gashaka Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya. An kafa shi a shekarar 1991, yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyaka da Kamaru. A can ne tsaunin Chappal Waddi yake, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419. Babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan.

Mai zuwa daga Kano yakan bi ta Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti, inda babban ofishin gandun yake. Wannan ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Raba ta biyu, ka kwana a Gombe ko Jalingo. Tashi bayan sallar asuba, ka sauka kafin magariba. Kada ka yarda da direban da zai ce zai ƙarasa cikin dare. Idan mota ta lalace a daji da dare, babu bakanike, babu mai faci, wani wurin ma waya ba ta shiga.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika, hanyoyin cikin gandu su zama taɓo. Kafin ka sa rana, tuntuɓi ofishin gandun ka ji halin hanya da tsaro, da kuɗin shiga. Ba a shiga dajin sai da jami'in gandu, shi ne jagora.

Mota ita ce babbar magana. Kai ta wurin bakanike tun da sauran mako guda, domin idan an ga matsala a sami lokacin gyara. A duba birki sosai, a canza baƙin mai, a duba lagireto da fitilu da tayoyi. Ka tafi da tayar safaya mai lafiya, da jak, da jarkar ruwa. Daga Serti zuwa cikin gandu hanya gargada ce, ƙaramar mota takan sha wuya, gara mai tudu irin Hilux. Wajen gangarowa daga dutse sa mota a ƙaramar giya. Mai danne birki kaɗai tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa.

Lasin da inshora da sauran takardun mota su kasance a kusa da hannu, domin shingayen bincike suna da yawa. Ka riƙe tsabar kuɗi, ka cika tanki a Jalingo. Guzuri kuwa, wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi. Ga gidan sauro, ga rigar sanyi, saboda saman dutse akwai sanyi da dare. Wani a gida ya san inda za ka kwana kowace rana.

Aiki

Rubuta garuruwan hanya bi da bi a littafinka.

Mota tana shan lita 1 a kowace kilomita 10. Idan tafiya kilomita 900 ce, lita nawa za ta sha zuwa da dawowa? Tambayi farashin lita a gidan mai na unguwarku, ka lissafa kuɗin, ka kawo aji.