Yadda za a gyara cimar mai ciwon zuciya ba tare da damuwa ta kama shi ba

Kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka yi bugun zuciya yakan faɗa ciwon damuwa daga baya, kuma wanda damuwa ta kama shi ne ke saurin watsar da magani. Yadda ake ciyar da shi a gida na da hannu a ciki.

Ku fara da gishiri, don a nan na ga gidaje da yawa sun ɓata lamarin. Likita ya ce a rage, sai uwargida ta cire gishiri da dunƙule rana ɗaya, ta yi wa maigida miya salam a 'yar tukunya, a kai masa ɗaki shi kaɗai, yana jin ƙamshin ta sauran gida. Kafin wata ya fara ture kwano, ya rame, ya daina fita zaure, a ce ciwon ne ya tashi. Tukunya ɗaya za a yi wa kowa, a rage a hankali: dunƙule 4 ya koma 3, bayan mako 2 a sake cire ɗaya. Harshe na sabawa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ne a rana, wajen cokalin shayi guda. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa su cike gurbin. Kanwa ma gishiri ce a wajen zuciya, a bar kununta. Kuma ya ci cikin mutane, wannan ba na sassauci a kai.

Sai kifi mai maiƙo kamar titus, sau 2 a mako, gasasshe. Ya yi tsada, na sani. A haɗa da wake da gyaɗa marar gishiri. A wani gwaji a Ostireliya a 2017, masu damuwa da suka koma cin ganye, hatsi, kifi da wake na mako 12 sun fi sauran samun sauƙi.

Gero da dawa sun fi farar shinkafa. Zogale da alayyahu kullum, sai dai mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya tambayi likita kafin ya ƙara ganye. Lemon kwalba da soye-soye a rage.

In ya yi mako 2 ba walwala, ba barci, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, ku mayar da shi wurin likita a ranar, kuma kar ya tsayar da maganin zuciyarsa.