Yadda na gyara matsalar furotin ɗin D2 da ya ƙi sauka a jel

Makonni uku na yi ina fama da furotin mai karɓar saƙon dofamin (sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa) na ɗan adam, nau'in D2, wanda muka samar a ƙwayoyin HEK293, wato ƙwayoyin halittar ɗan adam da ake reno a ɗakin gwaji. Doguwar sigarsa tana da amino asid (tubalan ginin furotin) 443, nauyinsa wajen kilodalton 50 a ma'aunin nauyin furotin, amma duk lokacin da na tura shi a jel, wato abu mai kauri da ake rarrabe furotin a cikinsa bisa nauyi, sai ya tsaya cak a bakin ramin da ake zuba samfuri, ya bar tabo mai kauri a sama, ƙasa kuwa fayau.

Da farko na zargi sinadarin gano shi, har na sayo sabo, kuɗi suka tafi a banza. Ashe laifin nawa ne, domin ina tafasa samfurin a digiri 95 na minti biyar, kamar yadda aka saba da sauran furotin. Shi kuwa wannan sau bakwai yake ratsa fatar ƙwaya, kuma sassan nan bakwai ba sa jituwa da ruwa, saboda haka zafi yana sa su manne da juna su dunƙule.

Sai na daina tafasawa, na bar samfurin cikin ruwan SDS (sinadari mai kama da sabulu da ke warware furotin) a digiri 37 na minti 30. Washegari layin furotin ɗin ya fito a jel sama da kilodalton 50, a ɗan baje, abin da bai dame ni ba, tunda sukarin da ƙwayoyin ke liƙa masa ne yake ƙara masa nauyi.