Darasi na 9: Karanta Lambar Maganin Tayirod Kafin a Haɗiya

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Idan ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki, kuma wani lokaci takan zarce kima. Sai mutum ya riƙa ci kamar gara amma yana ramewa, gaba na faɗuwa, hannu na rawa, gumi na zuba ko da fanka na kaɗawa. Wasu har idanunsu kan firfito. Wannan cuta mata ta fi kamawa. A nan Legas mukan ɗora laifin a kan zafin gari da gajiyar kasuwa, alhali gwajin jini na TSH da T4, mai auna aikin tayirod, shi ne ke bayyana gaskiya. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne kabimazol. A jikin kwali za ku ga an rubuta Carbimazole, sai lamba, sai haruffa biyu: mg, wato miligiram. Lambar nan ita ce ƙarfin ƙwaya ɗaya. Akwai mai 5, akwai mai 20, kuma ba a gane su da ido, sai an karanta.

Likita kan fara wa babban mutum da miligiram 15 zuwa 40 a rana. Ba a jin sauƙi nan take, sai bayan mako 4 zuwa 8. Kamar a kashe injin burtsatse ne alhali tankin sama cike yake: famfo zai ci gaba da zuba har ruwan ya ragu. Maganin yana hana ƙera sabon sinadari, amma wanda aka riga aka tara sai jiki ya cinye shi. Kafin nan akan haɗa da furofaranolol don kwantar da bugun zuciya, sai dai mai asma ya faɗa wa likita, domin yana iya cutar da shi.

Daga nan sai a riƙa ragewa, har a sauko miligiram 5 zuwa 15 a rana, a kai wata 12 zuwa 18 ana sha. Sakamakon gwajin jini ne ke sa a rage.

Ku karanta wannan hira ta uwa da 'yarta a Agege:

"Inna, yau ban ga kin sha maganinki ba."

"Ai na warke, 'yar nan. Jiya har Mile 12 na je sarin tumatir, ko haki ban yi ba."

"Maganin ne ya riƙe ki, Inna. Likita ya ce in kin bari, ciwon zai dawo. Ungo, ga ruwa."

Wanda ya manta bai sha ba, kada ya ninka washegari. Mai azumi ya tambayi likita ko zai mayar da nasa lokacin sahur.

Ga inda ake son ku buɗe kunne. Jefi-jefi maganin kan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Alamar hakan zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ko gyambo a baki. Mun saba da an ji jiki ya yi zafi sai kemis, a ce maleriya ce. Mai shan kabimazol ba haka zai yi ba: ya dakatar da maganin, ya tafi asibiti ranar a auna jininsa, ya riƙe kwalin a hannu. Haka ma idan ido ya yi ɗorawa irin na shawara. Matar da ke neman haihuwa ko ta ga ɓatan wata ta sanar da likita da wuri, don a watanni 3 na farkon ciki akan sauya mata da wani mai suna PTU.

Aikin aji

Likita ya rubuta miligiram 20 a rana, kwalin kuma mai 5 ne. Ƙwaya nawa za a sha kullum? Nawa za a saya na kwana 30? Idan wata mai zuwa aka ba da kwali mai 20, ƙwaya nawa ke nan a rana? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi, sannan ya nuna wa na kusa da shi.