Yadda Ake Renon Boroniya a Zafin Sakkwato

Boroniya wata 'yar bishiya ce mai furanni masu ƙamshi wadda asalinta ƙasar Ostireliya ce, kuma dangin lemo ce, abin da mutum zai gane da zarar ya murje ganyenta tsakanin yatsu. Wadda ta fi shahara ita ce Boronia megastigma ta kudu maso yammacin ƙasar, inda take fitowa a ƙasa mai yashi da damshi. Furenta ɗan ƙarami ne kamar ƙararrawa, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa rawaya, kuma a Tasmaniya, wani tsibiri na Ostireliya, har nomanta ake yi domin tatsar man turare. Abin mamaki shi ne wasu mutane ba sa jin ƙamshin nan ko kaɗan, saboda haka kada ran mai ita ya ɓaci idan baƙo ya sunsuna ya ce bai ji komai ba.

Gaskiyar magana, wannan shuka ba ta saba da irin yanayinmu ba, kuma ko a ƙasarta ba ta cika daɗewa ba. Duk wanda zai gwada ta a Sakkwato, inda zafin bazara yake haura digiri 40 daga watan Maris zuwa Mayu, sai ya san cewa dukkan aikin yana wajen saiwa. Saiwar boroniya siririya ce, tana kwance kusa da saman ƙasa, tana son sanyi da damshi a kullum, amma idan ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe. Idan kuwa ta bushe sau ɗaya tak, da wuya ta farfaɗo.

Saboda haka kada a dasa ta a tsakar gida, a sa ta a tukunyar ƙasa mai huji a gindi. A nan dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami ɗan Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa domin adana tumatir da alayyafo, tana da amfani ƙwarai. A samo babbar tukunya, ita ma a huda gindinta, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cika tsakaninsu da yashi, sannan a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin tukunya yana bushewa ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha, kuma busasshiyar iskarmu tana ƙara wa wannan dabara ƙarfi. Tukunyar roba, musamman baƙa, dafa saiwar kawai za ta yi.

Ƙasar da za a zuba ta zama yashin rafi wanda aka gauraya da ruɓaɓɓen ganye, ban da laka. A rufe samanta da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa mai kaurin yatsu uku, amma a bar ɗan fili kewaye da gindin shukar. Wajen ban ruwa, a tura yatsa cikin ƙasar kafin a zuba: idan ta manne a yatsa da sanyinta, a dakata; idan ta fara warwarewa, a ba ta ruwa har ya fito ta hujin. Ruwan sama da aka tara da damina ya fi mata, domin tana son ƙasa mai ɗan tsami, ruwan da ke barin farin dabbare a jikin buta kuwa yana mayar da ganyenta rawaya.

Mazauninta shi ne gefen gabas na gida ko ƙarƙashin dogonyaro, inda hantsi zai taɓa ta kaɗan, inuwa ta rufe ta kafin azahar. Da hunturu a kare ta da zana daga iska, a riƙa wanke mata ƙura, amma kada a shigar da ita ɗaki, saboda sanyin daren Disamba da Janairu shi ne damar da take da ita ta ɗaura fure.

Taki kuwa a yi hattara da shi. Ta fito daga ƙasa marar ƙarfi, don haka takin zamani na masara da kashin kaji sun yi mata nauyi. Ɗan ruɓaɓɓen ganye ya wadatar.

Idan furanni suka gama, a rage kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawon rassan da almakashi mai kaifi, ba tare da an kai ga tsohon icce ba. Daga cikin abin da aka yanke, a zaɓi rassan da suka fara ƙwari, masu tsawon yatsa, a zare ganyen da ke wajen gindinsu, a soka su cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a kifa musu rabin gorar ruwa. Irinta yana da wuyar tsirowa, shi ya sa masu renonta suka fi dogara da yanke, kuma ya kamata a soka da yawa domin ba duka ne za su kama ba.