Yadda za ka bar aikin ofis ba tare da ka koma zaman kashe wando ba

Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka zauna ka tambayi kanka abin da ya ishe ka: aikin ne ko mutanen? Da yawa daga masu cewa sun gaji da ofis, in ka bi diddigi, sammako ne ya dame su. Irin wannan ya riƙe kujerarsa gam, don waje ya fi ciki wuya. Wanda nake wa magana shi ne mai iya kwana a kan aiki bai ji komai ba, amma mitin ɗin da za a wuni ba a yanke komai ba yana sa masa ciwon kai. Wanda ya ga an ba ɗan gaban goshin oga ƙarin girma, alhali kowa ya san wanda ya yi aikin. Wanda jikinsa ba ya ba shi ya ruga bakin mota ya karɓi jaka yana "ranka ya daɗe, an iso lafiya?" don kawai a gan shi. Ni haka Allah ya yi ni. Na yi shekaru a wani ofis a nan Kano, yanzu kuma haɗa sola nake yi.

Ka fara koyon sana'ar tun kana karɓar albashi. Asabar da Lahadi naka ne, ka kai su wurin mai sana'ar da ya iya, ka ce ka zo a matsayin yaro. A nan ne za ka san ko da gaske kake. Maigidana a wannan sana'a na girme shi nesa ba kusa ba, amma shi ke cewa "Malam, miƙo sufana," in miƙa. Hawa rufin kwano da azahar a watan Afrilu, fanel a kafaɗa, kwanon yana ƙona ka ta cikin takalmi, ba irin wahalar ofis ba ce. In ka sauko ka ji kana ɗokin Asabar mai zuwa, to ci gaba. In kuwa ka fara neman uzuri, ka samu amsarka da arha, albashinka na nan bai tafi ko'ina ba.

Ma'aikacin gwamnati ya kula da abu ɗaya. Ƙa'idar aiki da ke cikin Tsarin Mulkin 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Saboda haka ka tsaya a koyo, kada ka buɗe shago da sunanka kana cikin aiki. A wurin da ake cin dunduniya, wannan ne makamin farko da za a ɗauko maka.

Sana'ar kuma ka zaɓi wadda mutane ke nema da ƙafarsu. Ni abin da ya tura ni sola a fili yake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya kusa ninkawa uku cikin kwanaki, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, naira 225 kowane yunit. Mai shagon sanyi, mai kemis, mai cajin waya, kowa ya fara tambayar batir da inbata. Kai taka tana iya zama ɗinki, ko gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre, ko sayen hatsi a Dawanau lokacin kaka ka ajiye. Abin dubawa shi ne ko wani ya taɓa zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya ka. Yabon abokai ba ya shiga lissafi.

Sai kuɗi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ka raba su gida biyu tun kafin ka fita. Gida na farko na iyali ne: abinci, haya, kuɗin makaranta da ɗan abin asibiti na aƙalla wata shida. Gida na biyu shi ne jari. Kada ɗaya ya leƙa ɗaya. Yawancin waɗanda na ga sun koma neman aiki da takardu a hannu, sana'arsu ba ta gaza ba, cefane ne ya cinye uwar kuɗin kafin riba ta fara zuwa. Ka zauna da maiɗakinka ka faɗa mata adadin da ke hannu da watannin da zai kai ku, don ita za ta fara jin canjin a tukunya. Iyaye ma kada su ji a bakin mutane. A wurinsu aikin albashi rufin asiri ne, kuma suna da hujja. Ka je musu da lissafi a rubuce, ka nemi albarka.

Akwai kuɗin fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin ya kai shekara 50 damar cirar har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru masa, in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Ka san da shi, amma ni ban so a sa shi cikin jari tun farko. Ka bar shi can don ranar da abu ya cije.

Ranar fita, ka fita da mutunci. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga sanarwar da aka ce ka bayar, galibi wata guda ce, ka cika ta cif. Takardar ajiye aikin layi uku ta isa: godiya, ranar tafiya, sa hannu. Na san zuciya za ta so ka zazzage duk abin da ka haɗiye, ka faɗa wa wane shi munafuki ne. Haɗiye wannan ma. Ka miƙa fayil-fayil da makullai a rubuce, wanda ya karɓa ya sa hannu. Mutanen ofishin nan su ne kwastomominka na farko, har da wanda ya riƙa kai sunanka gaba. Shi ma gidansa ba wuta.

Daga nan sai abin da ofis yake yi maka ba ka sani ba ya bayyana. Ba rajistar da za ka sa hannu, ba mai tambayar ina ka shiga. Sai ka zama ogan kanka, kuma mai tsanani. Ka sa lokacin fita ka riƙe shi, ko da aiki ko babu. Ranar da babu aiki ranar zagaya tsofaffin kwastomomi ce da zuwa Sabon Gari jin farashi. Ka sayi littafi, duk naira da ta shiga ko ta fita ka rubuta a ranar. Ka yanka wa kanka albashi, ka yi wa sana'ar rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), ka buɗe mata asusun banki nata daban.

Ingancin aiki kuwa shi ne duk fadancin da ya rage maka. A wurinmu yana farawa tun kafin a taɓa waya. Alhaji zai ce maka fanka biyu ne kawai da ƙwan fitila. Ka shiga ɗaki-ɗaki da biro. Za ka tarar da firji a kicin, dutsen guga a bayan ƙofa, injin jan ruwa a tsakar gida. Ka rubuta abin da kayan za su ɗauka da abin da ba za su ɗauka ba, ya gani ya yarda, in ba haka ba ranar da Hajiya ta jona hita batir ya mutu, kai ne ɓarawo. Fanel ya kalli kudu, a ɗan karkace, inda inuwar tankin ruwa ko darbejiya ba ta faɗo masa. Kada ka rage kaurin waya don ka ci ragowar kuɗi. Ka nuna wa yaran gidan yadda za su riƙa goge ƙura lokacin hunturu, sannan bayan mako biyu ka kira ka ji lafiyar kayan, ko ba a neme ka ba.

Kada kuma in ruɗe ka, siyasa tana nan a waje, kaya kawai ta sauya. Akwai ɗan'uwa mai cewa "yi min, ƙarshen wata zan ba ka." Akwai dillali mai son la'ada a kan aikin da bai san yadda aka yi ba, da abokin sana'a da zai bi bayanka ya ce wa mai gida kayanka jabu ne. Bambancin shi ne a nan kana da ikon cewa a'a. Kuɗin kaya a biya kafin ka je kasuwa, ko wane ne. Kuɗin hannu ne za ka iya yi wa mutum ragi ko ka yafe in ka ga dama.

In Allah ya buɗa ka ɗauki yara, ka lura da ranar da ɗaya zai matso kusa ya rage murya ya ce, "Oga, akwai maganar da nake so in faɗa maka a kan wane." Ka ce ya dakata, ka kira wanen, ka ce to, faɗi yanzu.