Yadda Ake Kula da Kai Bayan An Cire Huhu Ɗaya

Mutum na iya rayuwa da huhu ɗaya. Tun a 1933 likita Evarts Graham ya cire wa wani mai ciwon daji huhunsa na hagu gaba ɗaya a Amurka, mutumin kuma ya ƙara kimanin shekara 30 a duniya. A wajenmu, ban da daji, tarin fuka da ya daɗe yana cin huhu har ya lalata shi yana cikin abin da ke kai mutum ga wannan tiyata. Ko mene ne sanadi, daga ranar da aka fito da kai daga ɗakin tiyata aikinka shi ne tsare huhun da ya rage, domin ba ka da wani bayansa.

Matakin farko tun kana gadon asibiti yake farawa. A kwanakin farko bayan tiyata, musamman na biyu da na uku, zuciya kan rikice da bugu, ka ji tana sauri tana tsalle ba tsari. Faɗa wa ma'aikatan jinya nan take, akwai maganinsa. Za ka kuma ga ana ƙayyade ruwan da ake ƙara maka. Kada 'yan uwa su ɗauka sakaci ne. Jinin da a da yake bi ta huhu biyu yanzu ta ɗaya yake bi, ruwa in ya yi yawa sai ya taru a cikinsa.

Na biyu, ka yi tari. Na san da zafi, domin ta tsakanin haƙarƙari aka shiga, amma majinar da ta kwanta a ƙirji ita ce ke jawo ciwon nimoniya. Rungumi matashin kai, danna shi a kan ɗinkin, ja numfashi mai zurfi, sannan ka yi tari. In an ba ka na'urar nan mai ƙwallaye da ake zuƙa, riƙa amfani da ita duk bayan awa ɗaya muddin idonka biyu. Maganin zafi kuwa ka sha shi a kan lokacin da aka rubuta maka. Dauriya a nan ba jarumta ba ce, wanda ke jin zafi ba ya iya cika ƙirjinsa da iska. Sai dai masu ƙarfi irin su tiramadol suna ɗaure ciki, kuma jiki na saurin sabawa da su, don haka kada ka ƙaro su a kemis bisa ra'ayin kanka.

Tafiya ma magani ce. Fara da zagayen tsakar gida, kullum kana ƙarawa kaɗan, domin yawan kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan jinin kuma in ya ɓalle huhu yake nufa. Ka riƙa ɗaga hannun ɓangaren da aka yi aikin kada kafaɗa ta ƙage. Ɗaukar kaya mai nauyi, jan guga a rijiya da hawa babur, a jingine su har mako shida zuwa takwas, ko sai likita ya ba da izini.

Mataki na gaba shi ne wanda nake so kowa a gidan ya haddace, ba mara lafiya kaɗai ba. Idan aka cire huhu, ana ɗinke bakin bututun iskar da ke zuwa gare shi, gurbin da ya bari kuma a hankali ruwa ke cika shi cikin makonni. Haka ake so. Haɗarin shi ne ɗinkin bututun ya buɗe, abin da ya fi faruwa ga wanda aka cire wa huhun dama, da wanda tarin fuka, ciwon suga ko rashin abinci mai gina jiki ya raunana. In ya buɗe, ruwan gurbin zai sami hanyar gangarawa cikin huhun mai lafiya. Alamarsa ita ce tari ya taso maka kwatsam, kana fitar da ruwa tsinkakke mai yawa, launin ƙasa ko mai jini-jini, sau da yawa tare da haki da zazzaɓi. Abin yi a take: a ɗaga maka kai da ƙirji, a karkata ka kan ɓangaren da aka yi wa tiyata, huhun mai lafiya ya kasance a sama. A haka za a sa ka a mota, a haka za a kai ka asibitin da aka yi aikin. Ba a jira gari ya waye.

Haka ma in zafin jiki ya kai digiri 38, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya, ko sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko leɓe ya canja launi. Zazzaɓin wanda aka cire wa huhu ba a cewa na cizon sauro ne sai an gwada. Mugunya na iya taruwa a gurbin ko da bayan watanni. Ina kuma roƙo, kada a kira wanzami ya yi ƙaho, tsaga ko sakiya a wannan ƙirjin.

Akwai matsalolin da ba sa zuwa da gaggawa amma suna hana sakewa. Murya kan dishe, musamman bayan aikin hagu, saboda jijiyar maƙogwaro da ke ratsawa ta wurin. In kana ƙwarewa wajen shan ruwa, gaya wa likita, domin abin da ya sarƙe ka huhu yake faɗawa. Wasu kuma zugi ko zafi kamar ƙuna yana bin tabon fiye da wata biyu. Ciwon jijiya ne, yana da nasa maganin daban. Baƙin ciki da tsoron numfashi zai yanke su ma suna zuwa wa mutane da yawa, kuma faɗarsu ga likita ko ga na kusa ba gazawa ba ce.

Daga nan sai iskar da kake shaƙa. Sigari da shisha an rabu ke nan, har hayaƙin na wani. Nisanci murhun itace, janareta, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa. Gidan sauro ya wadatar. Lokacin hunturu da ƙurarsa sa takunkumi in za ka fita, ka kuma tambaya game da allurar rigakafin mura da ta nimoniya. Masu zuwa dubiya, Allah ya saka musu, amma mai tari ko mura ya yi gaisuwa ta waya. Wanda ke kan maganin tarin fuka ya shanye shi har ranar ƙarshe. Salla a zaune ta halatta ga wanda ruku'u ke sa shi haki, azumi da hawa jirgin Umara ko Hajji kuwa sai da shawarar likitan da ya yi aikin.

Na ƙarshe, nemi takarda daga asibiti mai bayyana wane huhu aka cire da ranar da aka cire shi, ka riƙa yawo da ita. Hoton ƙirjinka zai nuna ɓangare ɗaya fari fat, zuciya kuma ta ɗan gusa zuwa can. Likitan da bai san tarihinka ba zai iya ɗauka ruwa ne na ciwo, ya nemi zuƙe shi da allura. Kafin kowa ya taɓa ƙirjinka, miƙa masa takardar, ka ba shi lambar asibitin da aka yi maka aikin.