Idan Nintendo Switch Ta Ƙi Cin Caji

Kada ka yi saurin kai wannan na'urar wasan bidiyo wurin mai gyara. Sau da yawa matsalar ƙarama ce.

1. Zare cajar daga soket da jikin na'urar, ka bar ta daƙiƙa 30. Sannan ka jona cajar kai tsaye a jikin na'urar, ba ta mazaunin da ke haɗa na'urar da talabijin ba.

2. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20, ka saki, ka sake latsawa sau ɗaya.

3. Haska tocila cikin ramin USB-C, wato inda ake jona caja. Ƙura da zaren aljihu kan dunƙule a ciki su hana kan caja zama daram. Kashe na'urar, ka sakace dattin a hankali da tsinken sakace. Ban da allura! Ƙarfe na iya haɗa siraran haƙoran ciki ya ƙona su.

4. Gwada cajarta ta asali mai ƙarfin lantarki bolt 15. Cajar waya ta araha ba abin dogaro ba ce.

5. Idan ta daɗe a ajiye, bar ta a caji na rabin awa kafin ka kunna. Cikar batirin kan ɗauki kusan awa 3.

In ka ga bayanta ya kumbura, daina cajin nan take, a sauya batiri. Idan kuma haƙoran ramin sun lanƙwashe, wannan aikin mai gyara ne.